Idan ruwa ya kayar da gida a Maradi, wa zai biya?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Hadari ya fara haɗuwa gabas, kuma tambayar da aka yi ta turowa zauren nan tun bara ba mu ba ta haƙƙinta ba. Akwai asiransin da ke biyan mutum idan ruwan sama ko ambaliya ya ci gidansa a nan Maradi? Gidan laka yana shiga? Idan babu, me mai gida zai yi tun yanzu? Hajiya, Injiniya, Baba Magini, bismillah. Don Allah a bar siyasa a waje.

Hajiya Mai Kontara:
Wa alaikumus salam Alhaji. Akwai, sai dai ba kamar yadda mutane ke zato ba.

Nijar tana cikin ƙasashe 14 da ke bin doka guda ta asiransi, wato kundin CIMA, wanda aka sa wa hannu a Yawunde a 1992. Abin da doka ta ɗora wa talaka dole shi ne asiransin abin hawa. Na gida ganin dama ne. Kamfani yana sayar da kontarar gida mai haɗa haɗurra da yawa: gobara, sata, fashewar gilashi, ɓarnar da gidanka ya yi wa maƙwabci, da wani sashe da ake kira dega dezo, ɓarnar ruwa. A nan mutane ke faɗawa rami. Mutum ya ga kalmar ruwa, sai ya ɗauka ya rufe ƙofa. Alhali dega dezo ruwan cikin gida ne: tiyon famfo ya fashe cikin bango, tankin sama ya yi ambaliya, wani lokaci yoyon rufi. Ruwan da ya taho daga titi ya shigo ta ƙofar gida, ko gulbi ya cika ya malalo, ko magudana ta toshe ta mayar da ruwa baya, wannan sunansa inondasiyon, kuma a yawancin kontara yana cikin jerin abubuwan da aka cire. Sai ka nema da bakinka, a rubuta shi cikin shafin sharuɗɗanka na musamman, ka biya ƙarin kuɗi.

A Faransa tun 1982 doka ta ce duk wanda ya yi wa gidansa asiransi, bala'in ƙasa ya shiga kai tsaye. Takardunmu sun yi kama da nasu don harshe ɗaya ne, amma wannan dokar ba ta biyo mu ba.

Ɗan Kasuwar Dole:
Hajiya ki yi haƙuri, mu dai abin da muka sani karɓa suka iya. Ranar biya sai a fito maka da ƙaramin rubutun da ko tabarau ba ya gani.

Hajiya Mai Kontara:
Zan dawo kanka ƙanena, kana da rabin gaskiya. Bari Injiniya ya fara faɗa mana wane ruwa muke magana a kai, don ba ruwa ɗaya ba ne.

Injiniyan Ruwa:
Na gode Hajiya. Wanda kowa ya sani shi ne na Gulbi. Ruwan nan daga ƙasar Katsina yake tasowa, can ana ce masa Gada, ya bi ta madatsar Jibiya, ya shigo mana wajen Nyelwa, ya wuce Madarunfa da Jiratawa, ya bi yammacin birni, Tibiri, Gidan Runji, sannan ya koma Najeriya ya faɗa Rima. Ma'ana ana iya kwana uku ba a ga ɗigo a Maradi ba, Gulbi ya cika da ruwan da aka yi a Katsina. A Yulin 2018 ruwan da ya sauka a Jibiya cikin dare ya kashe sama da mutum 40, kuma kwarin da ya ɗauki ruwan shi ne namu. Wannan kwari yana cikin huɗun da ƙasashen biyu suka yi yarjejeniyar rabon ruwansu a Maiduguri a 1990. Kakanninmu sun ga aikinsa: ambaliyar 1945 ce ta cinye tsohon gari da ke cikin fadama, aka tayar da Maradi aka maido ta bisa tudu.

To amma hawa tudu bai raba mu da ruwa ba. Wanda ya fi ɓarna yanzu daga sama yake saukowa kan tudun kansa. Ranar Juma'a 30 ga Agusta 2024 an auna kimanin milimita 150 cikin awa ɗaya da rabi a birnin nan, aƙalla mutum 15 suka rasu. Garin da ruwansa na shekara yake kewayen milimita 500 ne, ya sha sama da kashi ɗaya cikin huɗu cikin lokacin da bai kai tsakanin la'asar da magariba ba. A daminar 2024 ƙasa baki ɗaya ta rasa kusan mutum 400, sama da miliyan ɗaya da rabi abin ya shafa, har aka ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba. Kuma waɗanda gini ya faɗo wa sun fi waɗanda ruwa ya tafi da su yawa.

Ga lissafin da nake so kowane mai gida ya riƙe. Milimita ɗaya bisa murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Fili mai mita 20 da 20 murabba'i 400 ne. Milimita 150 a kansa lita 60,000 ke nan, tano 300 na lita 200. Cikin minti 90 wannan ya kama lita 11 kowace daƙiƙa. Tiyo mai faɗin milimita 100 da ake sakawa a gindin katanga, ko da gangarensa ya yi kyau, da ƙyar yake fitar da lita 8, in leda ba ta toshe bakinsa ba. Da can rairayin tsakar gida yana shanye kaso mai yawa. Yanzu an shafe tsakar gida da siminti, an rufe rabin fili da kwano, babu inda ruwa zai nutse. Sai ya taru, ya jingina da bango.

Na uku shi ne ruwan da ke kwanciya a tsofaffin kududdufai, inda aka haƙi ƙasar gini shekara da shekaru. Wannan ba ya gudu, jiƙa yake yi a hankali.

Baban Ummi:
Injiniya, wasu na cewa ruwan bai ƙaru ba, gari ne ya cika.

Injiniyan Ruwa:
Duka biyu ne. Bayan farin 1973 da na 1984 an yi shekaru ƙoramu a bushe, mutane suka ɗauka sun mutu, aka yanka filaye a cikinsu. Sannan yanayin saukar ruwan ya sauya. Binciken da aka wallafa a 2017 daga hotunan tauraron ɗan adam ya nuna manyan hadurra masu ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Jimillar shekara ba lallai ta yi nisa da ta da ba, amma tana zuwa a dunƙule. Gidan laka yana jure yayyafin kwana goma da rana a tsakani. Ba ya jure tano 300 a zama ɗaya.

Baba Magini:
Injiniya ya gama magana, ni zan ɗora daga gindin bango. Ɗakin ƙasa ba daga bisa yake mutuwa ba sai in an yi sakaci da rufi, daga ƙahwa yake mutuwa. Ruwa ya tsaya gindin bango awa biyu, tubalin ƙasa ya sha, ya koma kwaɓaɓɓiyar laka, nauyin azara da ƙasar rufi na bisa, sai ya durƙushe. Shi ya sa nake ce ma kowa, in kuɗɗinka ba su kai gidan siminti ba, ka zuba abin da kake da shi cikin subasma, wato gindin bango da ke tasowa bisa tushe.

A haƙa tushe santimita 60 zuwa 80, sai an wuce rairayi mai laushi. A zuba kankare a ƙasa. A ɗora bulo cikakke, marar rami, ba mai rami ba. Ya hito bisa ƙasa aƙalla santimita 50, kuma ba daga tsakar gidanka za ka auna ba, daga tsakiyar titi, don titi kullum tashi yake, duk shekara ana zuba mai jar ƙasa da shara. In akwai alamar inda ruwan 2024 ya tsaya jikin katangar maƙwabci, a ɗauko wannan layi da tiyon awo mai ruwa ciki, a ƙara taki guda bisa. A ɗaure subasma da shenaj, wato ɗamarar kankare mai ƙarfe ciki: ƙarfe na milimita 10 guda huɗu, zobe na 6 kowane santimita 20. Kankaren shenaj buhu 7 ne ga kubik guda, kada a yarda da ƙasa da haka. A shimfiɗa baƙar leda mai kauri bisa shenaj kahin a fara tubali, ita ke hana danshi hawa. Daga nan ka ci gaba da tubalin ƙasa har rufi, ba komi.

Wurin bulo ake cin mutane. Buhu guda in an buga mai rami na 15, bai kamata ya wuce 35 ba. Cikakke kuwa ashirin da ƴan kai. Wanda ya hidda maka 55 ko 60 daga buhu guda rairayi ya sayar maka. Gwaji mai sauƙi: ka kankare shi da ƙusa, in yana zuba kamar gari, bar shi. Kuma a shayar da bulo ruwa sahe da marece kwana bakwai cikin inuwa. Tun ran gini tun ran zane.

Mai Awon Fili:
Baba, ya batun shafen siminti bisa bangon laka? Ya zama yayi a Bagalam da Mokoyo da Limanci, kowa na yi.

Baba Magini:
Ɗana, wanga shi ne mugun abu mai kyan gani. Siminti da laka ba su auren juna. Laka tana kumbura ta motse, siminti ba ya motsi, sai ya tsage siririn tsagu. Ruwa ya shiga ta tsagun, ba ya da hanyar hita don siminti ya hana bango shan iska. Waje sumul, ciki ya ruɓe. Ka ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, in ka ji yana amsawa kamar ganga, ya rabu da bango. In dole sai an yi, a kafa ragar waya da dogayen ƙusoshi kahin shahe, kuma a rufe kan bangon da kyau. In ba haka ba gara yaɓen gargajiya, laka mai ramno da makuba, a sabunta kowace shekara cikin bazara.

Indararo kuma ya hito aƙalla santimita 60 daga bango, a jera duwatsu ko guntun bulo inda ruwan ke faɗuwa. Indararo gajere shi ke haƙa ma bango kabari. A hau rufi a share, a cike duk inda ya lotsa, a cire ciyawa. Kada a yi ta ƙara ƙasa bisa tsohuwar ƙasa shekara bayan shekara, azara tana da iyakar abin da take ɗauka, jiƙaƙƙiyar ƙasa kuma ta hi busassa nauyi nesa ba kusa ba.

Injiniyan Ruwa:
A kan subasma ba ni da ja, Baba. Inda nake tsoro shi ne masu cike filinsu gaba ɗaya da jar ƙasa, tifa goma, su ɗaga shi mita guda. Ruwan bai ɓace ba, gidan da ke ƙasa da kai ka aika wa. Layi guda in mutum uku suka yi haka, na huɗu mai laka shi zai kwashe. Ɗakuna ake ɗagawa. Tsakar gida a ba ta gangare santimita 2 kowace mita zuwa titi, a buɗe mafita biyu maimakon ɗaya, kowace kamar faɗin bulo guda, da raga a baki, kuma a bar wani sashe rairayi ba siminti.

Baba Magini:
Wanda titi ya hi gidansa tudu fa? Ina zai tura ruwan? Dole ya cike.

Injiniyan Ruwa:
Ya cike daidai abin da zai fitar da ruwansa, ya yi dakali mai taka biyu a ƙofa don na titi kada ya shigo. Wannan daban da gina tsauni. Kuma salga a nisanta ta da bangon ɗaki, a ɗaga bakinta taki biyu. Ramin salga in ya cika da ruwa gefensa yake zaftarewa ya ja katangar da ke kusa, abin da ke ciki kuma ya bi tsakar gida ya gangara rijiya. Kwalarar 2018 daga yankin Madarunfa ta fara cikin damina, ta 2021 ma jihar nan na cikin waɗanda suka fi jin jiki.

Mai Awon Fili:
Ga masu niyyar saye. Kada a sayi fili da rani a kan takarda. Takardar lotisma, wato ta yankan filaye, tana nuna lamba da iyaka, ba ta nuna tudu da kwari. Je ka gani da idonka washegarin babban ruwa cikin Agusta. In ba za ka iya jira ba, ƙasa tana magana: farin rairayi mai laushi a shimfiɗe kamar an share hanyar ruwa ce, baƙar ƙasa mai tsattsagewa makwancin ruwa ce, in an haƙa rami mita guda aka ci karo da leda da tsumma da toka, tsohon kududdufi ne aka cike da shara, gini a kansa zai zauna gefe guda ya tsage. Tambayi tsofaffin manoman wurin, su suka san inda gero ke nutsewa. Filayen bakin gangaren da ke kallon fadama kuma matsalarsu zaizaya, ƙorama tana cin ƙasa tana matsowa baya kowace damina. Fili in ya cika araha a tsakiyar masu tsada, akwai dalili.

Hajiya Mai Kontara:
To ƙanena Ɗan Kasuwa, ga amsarka. Gaskiyar farko mai ɗaci: kamfani da wuya ya karɓi gidan laka a kan ambaliya, haka gidan da ke cikin fadama ko wanda ruwa ya saba shiga. Asiransi abin da ake tsoron ya faru yake rufewa, ba abin da aka san zai faru ba. Saboda haka maganata ta masu gidan siminti ce, da masu shago ko sito a jikin gida.

Dalilan da ke hana biya kusan kullum guda ne, kuma yawancinsu tun ranar sa hannu aka shuka su.

Kuɗin shekara. Tun gyaran 2011, aya ta 13 ta kundin CIMA ta ce kontara ba ta fara aiki sai an biya. Babu zancen kawo rabi, sauran bayan kaka. In ba ka biya ba ruwa ya zo, takarda ce kawai a hannunka. Karɓi rasit mai hatimin kamfani, ko ta hannun dillali ka biya. Kuma a yi shi tun Afrilu ko Mayu. Ba a fafe gora ranar tafiya, wasu kontarori ma suna da kwanakin jira kafin sashen ambaliya ya fara.

Tambayoyin da ake yi maka. Da me aka yi bango, da me aka yi rufi, ruwa ya taɓa shiga? Wanda ya ɓoye da gangan, aya ta 18 ta soke kontarar, kuɗin da ya biya kuma sun tafi. Wanda ya yi kuskure ba da niyya ba, aya ta 19 ta ce a rage masa diyya gwargwadon abin da ya kamata ya biya. Gidan da rabinsa siminti rabinsa laka, a faɗa haka.

Sai wanda ya fi cin mutane, rage darajar gida don kuɗin shekara su yi sauƙi. Misali sake gina gidanka zai ci miliyan 20, ka rubuta miliyan 10. Ruwa ya yi ɓarnar miliyan 6. Kana zaton 6 ta shiga cikin 10, za a biya duka. A'a. Aya ta 35 ta ɗauke ka a matsayin wanda ya riƙe rabin haɗarin da kansa, za a ba ka miliyan 3. Daga ciki a cire faranshiz, wato kason da aka yi sharaɗi kai za ka ɗauka a kowace ɓarna. A kuma cire tsufan gini, sai in kontararka ta ce darajar sabo. Darajar da za ka rubuta ta gini ce, ban da kuɗin fili, don ruwa ba ya tafiya da fili. Ka tambaya ƙarara ko katangar waje, ƙofar ƙarfe, salga, tankin ruwa da faranti mai hasken rana suna ciki, don sau da yawa katanga ce ke fara faɗuwa kuma ita ce ba a rubuta ba. Hatsi ko kayan sayarwa da aka ajiye a gida ba kayan gida ba ne, sai an ambace su, kuma akan sa sharaɗin a ɗora su bisa katako, ba a ƙasa ba.

Batun ƙaramin rubutu kuwa, doka tana bayanka. Aya ta 8 ta ce duk sharaɗin da ke cire wani abu ko soke haƙƙinka ba ya aiki sai an rubuta shi da harufa masu fitowa sosai. Matsalar ita ce ba ma karantawa. An ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025, amma kontara da Faransanci take zuwa. Kai ta gida, ka sami wanda zai fassara maka shafin abubuwan da aka cire layi bayan layi, sannan ka sa hannu.

Ɗan Kasuwar Dole:
To an yi duk wannan, ruwa ya shiga. Sai me?

Hajiya Mai Kontara:
Rai tukuna. Bayan nan hoto da bidiyo kafin a taɓa komai: layin ruwa a jikin bango da ma'auni ko sanda a gefe, kowane ɗaki, kowane kaya. Sanar da kamfani a rubuce, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Aya ta 12 ta ce wa'adin da kontara za ta ba ka ba zai gaza kwanakin aiki 5 ba, kuma yawanci 5 ɗin suke sakawa, kada ka tsaya sai ka gama kwashe laka. Kiran waya ba shaida ba ne. Ka ceci abin da zai cetu, ka tokare bangon da ke shirin faɗuwa, amma kada ka zubar da lalatattun kaya ko ka fara gyara kafin mai kimantawa na kamfani ya zo. In ɓarnar babba ce, kira wisiye, wato ma'aikacin shari'a mai rubuta shaida, ya rubuta abin da ya gani. In kimar da aka yi ba ta gamshe ka ba, kana da damar ɗauko naka mai kimantawa, in sun saɓa a sa na uku. Kada ka sa hannu a takardar karɓar diyya ta ƙarshe kana da ja. Ƙorafi yana zuwa ofishin kula da asiransi na ma'aikatar kuɗi. Kuma aya ta 28: bayan shekara 2 magana ta mutu, kada a yi ta ja maka rai da gobe, jibi.

Takardar fili, kontara, rasit na manyan kaya, a sa cikin leda biyu a rataye sama, a ɗauki hotonsu a tura WhatsApp na wani ɗan uwa da ke wata unguwa.

Baban Ummi:
Allah gafarta Malam, mutane da yawa ba tsada ce ta hana su ba, shakkar halasci ce.

Malamin Zaure:
Haka ne Alhaji. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta ce asiransin kasuwanci akwai garari mai yawa a cikinsa, wato sayen abin da ba a san ko za a samu ba, ta hana shi, ta halatta na taimakekeniya. Shi ne takaful: kowa ya zuba da niyyar kyauta, a biya wanda masifa ta samu, kamfani ya ɗauki ladan kula, kuɗin kuma kada a juya su cikin riba. A Sudan aka fara shi a 1979, CIMA ma ta fitar da dokarsa a 2019. Akwai malaman da suka sauƙaƙa a kan na kasuwanci saboda buƙata, saɓanin sananne ne. Wanda zai yi ya tambayi kamfani ko yana da sashen takaful, ya ga takardar malaman da ke sa ido a kai. Amma ko takaful ne, maganar Hajiya tana nan, in ba a rubuta ambaliya ba, ba za a biya ba.

Abin da ba saɓani a kansa shi ne wanda Injiniya ya taɓo. Hadisi ya ce babu cuta babu cutarwa. Wanda ya juya indararonsa bisa bangon maƙwabci, ko ya toshe hanyar ruwa da gini, ko ya zuba shara cikin magudana, in bangon wani ya faɗi ta dalilinsa akwai lamuni a kansa. Ba a ce wannan ƙaddara ba a wuce.

Uwar Asusu:
Sannunku da ƙoƙari. Tunda masu laka su ne mafi yawa kuma kamfani ba ya son su, me zai hana unguwa ta yi nata? Tsarin Mata Masu Dubara a jihar nan aka haife shi a 1991, yau ƙasashe da yawa suna kwaikwayo. Kowace ƙungiya tana da ƙaramin asusun taimako ban da na rance. Gida 100 in kowa ya zuba jika guda a wata, shekara miliyan ɗaya da jika 200 ne.

Hajiya Mai Kontara:
Yaya, dabarar tana da kyau amma akwai inda take karyewa. Asusun taimako yana aiki ga haihuwa, rashin lafiya, gobara, don ba sa samun kowa rana ɗaya. Ambaliya kuwa dare guda take kayar da gida 30 cikin 100 ɗin nan. Raba miliyan ɗaya da jika 200 gida 30, kowa jika 40, ƴan buhunan siminti. Kamfanonin kansu wannan ne ke sa su ɗari-ɗari, sai sun sayar da wani kaso na haɗarin ga manyan kamfanoni irin CICA-RE a Lome ko Africa Re a Legas. Ko gwamnati da ta shiga asusun ARC na Tarayyar Afirka, har aka biya ta a 2015, a kan fari ne, kuma kuɗin na ƙasa ne, ba na mai gida ba.

Uwar Asusu:
To a juya shi. Kada a jira faɗuwa. A kashe kashi biyu cikin uku kafin damina: yashe magudanar layi, sayen buhuna, gyaran gindin bangon gidajen zawarawa da tsofaffi, gida biyar ko shida kowace shekara bi da bi. Sauran a ajiye don tabarma, leda da abincin kwanakin farko, kafin taimakon hukuma ya iso. Kuma ƙungiyar da ke Ɗan Gulbi ta ƙulla da wata a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Tsoho, don ruwa ba ya cin unguwanni daidai wa daida. Akwati mai makulli uku, littafi a karanta gaban kowa, kamar yadda aka saba.

Injiniyan Ruwa:
Wannan ya fi. Buhun kuma a cika shi kashi biyu cikin uku kawai, cikakke ba ya kwanciya. A jera kamar bulo, kowane ya hau gaɓar biyu na ƙasa, a tattake, a sa leda ta fuskar ruwa. Jeri uku a bakin ƙofa yana tare ruwan da bai wuce kimanin santimita 30 ba. Yasar magudana kuma a kwashe abin da aka fitar a ranar, in an bar shi a baki ruwan farko zai mayar da shi. Hasashen damina na AGRHYMET, cibiyar nazarin yanayi da ke Yamai, yana fitowa wajen ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, sanarwar meteyo, wato hukumar yanayi, kuma ana karanta ta a rediyo, a riƙa saurare.

Baba Magini:
Abu guda da ba a faɗa ba, kuma shi ke kashe mutane. Ɗakin ƙasa sau da yawa ba lokacin ruwan yake faɗuwa ba, sai an ɗauke, cikin dare ko washegari, mutane sun koma sun kwanta. In danshi ya hau bango ya kai gwiwa, in ƙyaure ya fara cijewa, in ƙasa na zubowa daga tsakanin azara, in kusurwa ta buɗe ko da ɗan yatsa bai shiga ba, a hidda yara da tsohi, a kwana waje ko gidan maƙwabci mai siminti kwana biyu ko ukku har bango ya sha iska. A tokare azara da gwafa daga ciki, da rana, mutum guda ya shiga ba taro ba. Katangar waje ma kada a shimfiɗa tabarma gindinta.

Mai Awon Fili:
A kashe wuta daga kwantar, wato mitar lantarki, kafin a taka ruwan da ya shiga ɗaki. Lambar ƴan kwana-kwana 18.

Ɗan Kasuwar Dole:
Hajiya, wanda yake haya fa? Gini ba nasa ba, kaya nasa.

Hajiya Mai Kontara:
Ya yi kontarar kayan ciki kaɗai, da sunansa, ya sa a rubuta ambaliya a ciki kamar yadda na faɗa. Asiransin mai gida, in ma yana da shi, bango da rufi ya rufe, ba katifa da firij na ɗan haya ba. Ya jera kayan a takarda da kimar kowane, a lika jerin a jikin kontarar.